Sunana a Kan Aikin Shirin

Kawu Markus ne ya tare ni a tashar jirgin ƙasa. Tun daga nesa na hango shi cikin doguwar kwat baƙa, ya ɗaga hannu sama da kawunan Turawa yana kiran sunana. Da na matso sai ya gaishe ni da C'lela, yarenmu na gida. Tun da na bar Zuru ban ji kalma ɗaya da yaren ba, saboda haka na saki akwatina na durƙusa masa a kan simintin nan mai sanyi, mutane suna ratsa mu suna kallo.

Ba kawuna na jini ba ne. Mutumin Ribah ne, sun yi makaranta da ƙanen mahaifiyata, ya daɗe a ƙasar Turawan har furfura ta same shi a can. Da na samu gurbin karatun digiri na uku a fannin fiziks, Baba ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya har ya samo lambarsa. Baba tsohon saja ne, ba ya yarda a tura mutum fagen da bai san kowa ba. Ya ce masa, "Ga ɗiyarka nan tafe. Ka riƙe ta kamar taka."

Gidansa ne zangona na farko, kuma a nan na fara sanin cewa ƙyama tana da ɗanɗano a baki.

Matarsa Baturiya ce, tana aiki a wani gari, sai ƙarshen mako take zuwa. Mahaifinta tsoho yana kwance a bene, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka ba ni wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da injin ɗumama gida. Washegari Kawu ya hau da ni bene, ya nuna mini inda ake ajiye safar hannu da tsummoki da bokiti.

"Ɗan taimako ne kawai, Rahila, kafin ki tafi makaranta da in kin dawo. Ai ko a gida ba a barin tsoho cikin ƙazanta."

Ban ƙi tsohon ba. Idanunsa shuɗaye suna bina duk inda na juya, in na gama goge shi sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya ɗan taɓa mini kafaɗa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, daga baya na gane hukuma tana ba Kawu kuɗin ɗaukar mai jinya, shi kuwa ga ni ya samu a ɓagas. Kuma a ƙasar baƙo ba ya samun katin zama sai mai gida ya sa hannu cewa a gidansa yake kwana. Duk sanda na ɗauko maganar sai ya ce, "Gaggawar me kike yi? Kina hannun naki."

Wata Lahadi ya ce in shirya, an gayyace shi wani coci a ƙauye. Ya ce in ɗaura zani da ɗankwali, in bar sabuwar rigar sanyin da na saya, ya ba ni wata tsohuwa ta matarsa. Na ɗauka kamun kai irin na gida yake so in nuna. Cocin cike yake da tsofaffi, mata sun fi yawa. Kawu ya hau mumbari ya yi ta magana da yarensu, wanda a lokacin ban iya komai a ciki ba sai gaisuwa. Ya haska hotuna a bango, rumbuna a ƙone, mata da kaya a ka a bakin hanya. Na gane ƙasarmu ce, irin ɓarnar da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan wajen Danko da Bena. Can sai ya nuna ni da hannu ya ce in miƙe. Na miƙe. Tsofaffin suka shiga share hawaye, kwandon baiko, wato sadakar coci, yana zagayawa.

Da aka tashi suka yanyame ni, wannan ta rungume, wannan ta sumbace ni a kumatu da jiƙaƙƙen baki. Wata mai dogara sanda, wadda ta iya Ingilishi, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, Allah ya ba ki haƙuri. A ce a gaban idonki aka yanka mahaifinki, kuma har kika iya karatu."

Da safen nan na yi waya da Baba. Faɗa yake ta yi a kan akuyar maƙwabta da ta cinye masa irin tumatir.

Na zare hannuna daga nata. Sai da muka shiga mota na ce, "Kawu, me ka gaya musu?"

"Abin da ke faruwa."

"Ka ce an yanka Baba."

"To ba a yanka uban kowa ba a ƙasarmu? Ke yarinya ce. Bature ba ya buɗe jaka don labarin ƙauyen da bai iya faɗin sunansa ba, sai ya ga fuska. Fuska kawai na ara."

"Abin da suka tara, wa ake kai wa?"

Sai ya kunna rediyo.

Na ce ya tsaya. Na fita na yi amai a gefen hanya, a kan dusar ƙanƙara. Da na dawo ya miƙo mini hankici, ya yi mini sannu da C'lela, da irin muryar da Mama take yi mini in ba ni da lafiya. Wannan ya fi komai ci mini rai. A duk faɗin ƙasar mutum ɗaya ne ke jin yaren da nake mafarki da shi, kuma shi ne wannan.

Zango na biyu ɗakin gwaji ne, a ƙasan wani tsohon ginin jami'a, ba taga, ba a sanin ko rana ta fito. Aikin da ya kai ni can, in na faɗa a gida sai a ɗauka zolaya nake yi. Ƙwayar gilas muke kamawa, ƙanƙanuwa ƙwarai, sai an jera ɗaruruwanta kafin su kai kaurin silin gashi. Muna fesa su cikin wata tukunyar ƙarfe mai tagogin gilas, da irin na'urar da masu asma ke shaƙar magani, sannan a matse hasken leza wuri ɗaya a tsakiyar tukunyar. In an yi sa'a ɗaya ta faɗa cikin hasken, sai ya riƙe ta, ta tsaya a sarari ba abin da ke taɓa ta. Daga nan a kunna famfo a riƙa zuƙe iskar tukunyar a hankali, kwana da kwanaki, famfon yana gurnani kamar injin niƙa. Burin shi ne a kwantar da rawar da ƙwayar take yi har ta kusa tsayawa cak, a ga ko abu mai jiki irin wannan zai bi dokokin kwantum, dokokin da ƙananan abubuwa irin su atom ke bi, inda abu ɗaya kan iya zama a wuri biyu lokaci guda.

Matsalar ita ce caji. Kowace ƙwaya tana shigowa da cajin lantarki a jikinta, ilektron sun yi mata yawa ko sun yi kaɗan, ba wanda ya san nawa. Muddin tana da cajin da ba a sani ba, duk wata 'yar wuta da ta ɓata a ɗakin sai ta ja ta, ta girgiza ta, gwaji ya lalace. Dole a san cajin daidai, a iya ƙara shi ko rage shi ɗaya bayan ɗaya, har a mai da shi babu in ana so. Tsohuwar hanyar ita ce a sa wuta mai ƙarfi a bakin wata waya ta yi tartsatsi, amma wannan sai da sauran iska a tukunyar. In an zuƙe iskar ba ta aiki, in kuma aka matsa sai ƙwayar ta tsere, wahalar makonni ta bi ruwa.

Wadda ta warware wannan ita ce Shirin, 'yar ƙasar Iran. Ta riga ta gama digirinta na uku, tana aiki da kwantiragi a ƙarƙashin Farfesanmu. Gajera ce, ba ta da yawan magana, kullum da kofin shayi a hannu. Tun kafin in zo take fama da abin. Dabararta ita ce a riƙa ƙyafta wani haske da ido ba ya gani a kan wani siririn ƙarfe kusa da ƙwayar, ya saki ilektron kaɗan-kaɗan, ana yi ana kaɗa ƙwayar da wata 'yar wuta ana duba yadda take amsawa. A fuskar kwamfuta sai ka ga layi yana sauka kamar matakala, kowane taki ilektron ɗaya. In ya kai ƙasa, ƙwayar ta daina amsawa gaba ɗaya, sai na'urar da Shirin ta haɗa ta kashe hasken da kanta. Ranar da na fara ganin layin ya kwanta, na ce a raina, ko don wannan kaɗai ban yi asarar zuwa ba.

Shirin ce ta lura hannuwana suna warin maganin wanke bayi, kuma ina gyangyaɗi a gaban na'ura da rana tsaka. Ta tura mini shayinta ta ce, "A ina kike kwana?"

Na gaya mata, har da zancen coci. Ba ta ce kaico ba, ba ta rungume ni ba. Ta cire tabaranta na kariyar ido ta rataye, ta ce, "Ɗauko rigarki. Muna da doguwar kujera, ba ta da daɗin kwanciya amma ba wanda zai ce ki wanke kowa."

Ita da mijinta Kamran suka raka ni kwasar kaya. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi musu murmushi, ni kuma ya ce mini da yarenmu, "Zan gaya wa ubanki kin bar gidan naki kin bi baƙi."

Na ce, "Ka gaya masa, Kawu. Ni kuma sai in gaya masa ranar da aka yanka shi."

Ya matsa ya ba ni hanya. Na hau bene na yi wa tsohon sallama. Ya riƙe hannun rigata da yatsunsa, sai da na ɓamɓare su ɗaya-ɗaya. Har yau in na tuna shi sai in ji ba daɗi, don ban san hannun da ya faɗa ba bayana.

Zaman gidan Shirin shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar. Ita ta sa mini hannu na samu katin zama. Ta koya mini cin shinkafarsu mai ƙanzo, ni kuma na yi musu tuwo da garin masarar kanti, Kamran ya ci don kunya. Amma kewa ba ta barin mutum don ya ƙoshi. In lokacin girbi ya yi a gida, sai in riƙa jin ƙamshin sabuwar dawa a hancina ina tsaye cikin ɗakin da ba ya warin komai sai ƙarfe. Wata rana a wani kanti bayan tasha na ji mutum yana faɗa a waya da Hausa. Hausa ba yaren uwata ba ce, a bariki da kasuwa da makaranta na tsince ta, amma na tsaya cak tsakanin buhunan shinkafa kamar an kira ni. Sunansa Malam Idi, mutumin Tawa ta Nijar, yana jera kaya a kantin.

"Ɗiyar ina ta?"

"Zuru."

"Ƙasar sojoji ke nan. Mi ya kawo ki cikin wanga sanyi?"

Na ce karatu. Ya shiga ciki ya fito da ƙullin daddawa da kuka. "Amshi, ba na saidawa ba na. Tsohuwata ta aiko min." Na sa ƙullin a aljihu, duk hanya ina ciro shi ina shinshinawa a cikin bas, wata mata ta tashi ta canza kujera.

Farfesanmu kuwa, in ka gan shi sai ka ce waliyyi. Dogo ne mai sanyin murya, a keke yake zuwa aiki, ba ya manta ranar haihuwar kowa, da hannunsa yake yanka kek ya miƙa. Ba safai yake saukowa ɗakin gwaji ba sai in ya yi baƙi, kuma duk baƙon da ya zo sai an kawo shi teburina. "Ga Rahila, daga Afirka." Wata gidauniya ce mai tallafa wa matan Afirka a kimiyya take ɗaukar nauyina, kuma tare da ni take ba ɗakin gwajin tallafi mai kauri.

Shirin ta samu ciki a daidai lokacin da kwantiraginta ke neman ƙarewa. Ta roƙi Farfesa ya tsawaita, ya ce yana baƙin ciki ƙwarai, babu hali. Ta kai kuka ofishin da ke sauraron ƙorafin ma'aikata. Tun daga ranar da labarin ya dawo kunnensa ya ƙara mata ladabi, har buɗe mata ƙofa yake yi. Da cikin ya tsufa ba ta iya doguwar tsayuwa, sai ya zama ni ke zama a gaban tukunya ina ɗaukar ma'auni, ita tana duba sakamako a gida.

Rannan Farfesa ya kira ni ofishinsa. Ya zuba mini kofi da kansa.

"Rahila, na yi tunani a kan takardar da za mu fitar. Sunanki ne zai zo farko."

A wannan sana'a, mai sunan farko shi ne mai aikin. Da shi ake samun digiri, da shi ake samun gurbi.

Na ce, "Farfesa, aikin Shirin ne."

"Shirin ta taimaka wajen haɗa na'ura, za mu gode mata a ƙasan takardar. Ma'aunin da za mu nuna ai ke kika ɗauka."

"Da na'urarta, da dabararta."

Ya haɗa yatsunsa masu tsabtar farce, ya yi murmushi. "Gidauniyarku za ta zo duba mu bana. Ki yi tunanin 'yan matan ƙasarku da za su ga sunan tasu a sama. Ba don ni ba ne. Kuma ke za ki gabatar da aikin a babban taro."

Na kurɓi kofin. Na san wannan muryar, na taɓa jin ta a mota, da wani yare.

Da na koma gida na fara gaya wa Shirin, ta katse ni. "Na sani. Bar shi." Ta ci gaba da yanka albasa. Na ɗauka gajiya ce ta sa ta sallama.

Na kira Baba. Ban ba shi labarin duka ba, na ce, "Baba, in babban hafsa ya ba ka lambar yabo a kan aikin da wani ya yi fa?"

Ina jin kaji a bayansa. Ya ce, "A soja in an ba ka, sai ka sara ka karɓa. Amma na san masu irin wannan lamba. Ba mai son zama kusa da su a mes, wurin cin abincin sojoji."

Zango na uku wani gari ne a bakin tafki, tafiyar yini a jirgin ƙasa. Otal mai kafet mai laushi, masana daga ko'ina a duniya, kowa da sunansa rataye a wuya. Na tsaya a gaban zaure cike da mutane, Farfesa yana layin gaba ya harɗe ƙafa. Na yi bayanin tukunya da haske, na nuna matakalar tana sauka har ƙasa, zauren ya yi tsit irin na mutanen da suka san wahalar abin. Da na zo ƙarshe na ce, "Kafin ku tafa, wannan hanya ba ni na ƙirƙiro ta ba. Dakta Shirin ce, abokiyar aikina, tun kafin in zo. Ni ma'auni na ɗauka da na'urarta."

Wani dattijo daga baya ya ɗaga hannu. "To me ya sa ban ga sunanta a allon farko ba?"

"Farfesa ne ya tsara sunayen. Ga shi nan zaune."

Farfesa ya juya ya yi wa zauren murmushi. Ya ce ba a kammala tsara sunayen ba tukuna, ɗalibarsa dai tana da tawali'u irin na mutanen ƙasarta. Aka yi dariya, aka tafa, aka kira na gaba.

A wajen shan shayi aka bar mini fili kamar mai ƙyanda. Duk wanda muka haɗa ido sai ya tuna yana neman wani. A banɗaki wata babbar farfesa, mai furfura, wadda na yi shekaru ina karanta aikinta, ta dafa hannuna ta yi ƙasa da murya. "Kowa ya san halinsa. Ba abokiyarki ce ta farko ba. Kin yi ƙoƙari."

Na ce, "To ki faɗa a zaure."

Sai aka turo ƙofa. Ta saki hannuna ta juya wajen na'urar busar da hannu. Da yamma na hango ta a wajen liyafa, da kofin giya, tana dariya har tana dafa kafaɗar Farfesa. Na kasa cin abincin. Kifi ne ɗanye a kan farantin azurfa, na daɗe ina kallonsa, na tashi.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Shirin a kicin, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da ciki.

"Wa ya aike ki?"

"Shirin, aikinki ne."

"Kin ɗauka ban san nawa ba ne? Mun yi magana da shi. Ni in yi shiru a kan sunan, shi ya ba da kyakkyawar shaida a kaina wajen wani kamfani da ke neman ma'aikaci. Da aikin nan za a sabunta mana katin zama, in haihu hankali kwance. Ni na sayar, da idona biyu. Ɗazu ya aiko cewa ba zai iya ba da shaida a kan mai zuga ɗalibai ba."

"Ba ki gaya mini ba."

"Na ce ki bar shi. Sauran kunya ta hana ni faɗa."

Na zauna a kan kujerar da nake kwana. Na so in ce da na sani, amma da ya zama ƙarya. Ko ta gaya mini, ban ga yadda zan tsaya gaban mutanen nan in amshi tafi a kan guminta ba. Na faɗa mata haka.

Ta dube ni ta ce, "Ke kina da gidan komawa."

Abin da na sani kawai, mutumin da ya zaunar da mace mai ciki ya yi cinikin sunanta da ita, gobe da safe zai hau kekensa ya tafi aiki, mutane suna gaishe shi.

Farfesa bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wata safiya dai na kara katina a ƙofar ɗakin gwaji ta ƙi buɗewa. Sakatariya ta ce an sake tsarin aiki, an ba wani ɗalibi ɗan ƙasar, Timo, tukunyar. Timo ba mugu ba ne, in mun haɗu a matakala sai ya sunkuyar da kai. Ni aka ba ni tebur a bene na sama in riƙa karanta takardun wasu. Da kwamitin duba ɗalibai ya zauna, sai ya gano ban ci gaba yadda ya kamata ba, abin da ba mamaki ga wadda aka kulle wa ƙofa. Gidauniya ta aiko tana baƙin ciki. Kowa a ƙasar can in zai yanka ka sai ya fara yin baƙin ciki. Ranar ƙarshe Farfesa ya ba ni hannu, ya miƙo mini kwalin cakulan da kintinkiri, ya ce ƙofarsa a buɗe take. Na sauka na jefa kwalin a kwandon shara na bakin gini, na shiga banɗaki na wanke hannuna da sabulu.

A makonnin nan Shirin ba ta cika yi mini magana ba, amma ba ta ce in tashi ba, kuma ba ta daina zuba mini abinci ba. Safiyar da zan tafi ba ta fito daga ɗaki ba. A kan akwatina na tarar da kwanon shinkafa naɗe da tawul, da ɗuminsa, ta zaɓo mini ƙanzon duka ta ɗora a sama. Kamran ne ya kai ni tasha. Daga baya na ji sun bar ƙasar sun koma wata. Takan aiko mini hoton yarinyar jefi-jefi, ba ta rubuta komai a ƙasa. Ni ma ba na tambaya.

Yanzu ina koyar da fiziks a wata sakandare a nan Zuru. Mutanen unguwa suna ce mini Dakta, na gaji da gyara musu. Baba ya ji labarin duka daga bakina, ya gyaɗa kai, bai ƙara tada maganar ba.

Bayan girbi, wata rana da la'asar, ina zaune a tsakar gida Mama tana shiƙar dawa, sai na ga labarin a waya. Takardar ta fito. Sunan Timo ne farko, na Farfesa a ƙarshe, babu Shirin, babu ni, ko a ƙasan inda ake godiya. Jami'ar ta yi shelar abin da babban hoto: ga tukunyar ƙarfe, ga koren haske, ga wani baƙin hannu yana murɗa ƙusar madubin da ke daidaita hasken. Daga wuyan hannun aka yanke hoton.

Mama ta ajiye ƙwarya. "Me kike kallo kika ɓata fuska haka?"

Na miƙa mata. Ba ta karatu, kuma idonta ya fara rauni, sai ta nesanta wayar ta ƙanƙance ido.

"Wannan ai hannunki ne. Ga ɗan yatsan nan mai karkata irin na ubanki."

"Nawa ne, Mama."

"To ina sauranki?"

"Sun yanke."

Ta ƙara duba hoton, ta daɗe. Sannan ta kama bakin zaninta ta goge fuskar wayar sosai, kamar wani abu ya zuba a kai, ta miƙo mini.

"Tun da na gaskiyar ya dawo gida, kawo shi nan. Iska ta taso, dawa ba ta jira."

Na kife wayar a kan turmi, na ɗauki ƙwarya.